CIWON SUKARI: IN JIKI YA ƘI ALLURAR DA KE RAYA SHI

A cikin magungunan da ilimin likita ya samar a ƙarni na 20, kaɗan ne suka ceci rayuka kamar allurar insulin. Kafin shekara ta 1922, yaron da ciwon sukari ya kama da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu a duniya, domin iyakar abin da likitocin wancan zamani ke iya yi masa shi ne su rage masa abinci har ya rame ya zama ƙashi da rai. A yau kuwa miliyoyin mutane suna karatu, suna aure, suna neman abinci, har su tsufa, saboda wannan allura da suke yi wa kansu kowace rana. Bisa ga ƙididdigar da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a shekara ta 2021, manya miliyan 537 ne ke da wannan ciwo a faɗin duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kimanin miliyan 3.6 kuma a nan Nijeriya.

Amma akwai wasu mutane 'yan kaɗan waɗanda jikinsu ke yi wa allurar tawaye. Da zarar an tsira ta sai wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya kama ƙaiƙayi. Wani kuma borin jini ne zai feso masa a jiki duka. Wani ma, ko da yake wannan ba safai yake faruwa ba, numfashinsa ne zai sarƙe. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira alaji, watau rashin jituwar jiki da wani abu da ya shige shi. Wanda jikinsa ya ƙi gyaɗa ko kifi yana iya barinsu ya ci wani abu dabam, wanda kuma jikinsa ya ƙi penisilin ana iya sauya masa wani magani. Mai ciwon sukarin da rayuwarsa ta rataya a kan insulin ba shi da wannan zaɓi, saboda haka ne al'amarin ya cancanci a yi masa bayani filla-filla.

TUN DAGA ALLURAR FARKO

Insulin wani sinadari ne da wata gaɓa mai suna fankiriyas ke yi, wadda ke kwance a bayan tumbi. Aikinsa shi ne buɗe wa sukarin da ke cikin jini hanya ya shiga tsoka da sauran sassan jiki don su sami ƙarfi. A shekara ta 1921 ne wani likita mai suna Frederick Banting da wani ɗalibi, Charles Best, suka tatso shi daga fankiriyas ɗin karnuka a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, a ɗakin binciken Farfesa John Macleod.

Ranar 11 ga Janairu, 1922, aka gwada shi a jikin ɗan Adam. Wanda aka yi wa allurar wani yaro ne ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson, wanda ke kwance rai a hannun Allah a Babban Asibitin Toronto. Ruwan da aka yi masa allura da shi an tatso shi ne daga fankiriyas ɗin shanu, kuma bai tatu sosai ba. Sukarin yaron ya ɗan sauka, amma wurin da aka tsira allurar ya kumbura ya zama maruru, har aka dakatar da gwajin. Sai da James Collip, masanin harhaɗa sinadarai, ya kwana ya yini yana tace ruwan, sa'an nan aka sake yi wa yaron allura ranar 23 ga watan. A wannan karo sukarinsa ya sauka yadda ake so, ya farfaɗo, ya kuma ƙara shekara 13 a duniya kafin ciwon huhu ya yi ajalinsa a 1935.

Ke nan tun daga ranar farko likitoci suka gane cewa alherin insulin da wahalarsa duka sun danganta ga tsabtarsa. Har tsawon shekara 60 bayan wannan, daga mayankar shanu da aladu ake samo insulin ɗin da duniya ke amfani da shi. A shekarun farko, rahotannin likitoci sun nuna cewa har kusan rabin masu karɓar allurar sukan sami kumburi ko ƙaiƙayi a wurin da aka yi ta.

Dalilan haka guda biyu ne. Na farko, ruwan yana ɗauke da ɓurɓushin wasu sinadaran jikin dabba waɗanda ba a iya rabawa da shi ba. Na biyu kuma, shi kansa insulin ɗin dabba ya ɗan saɓa da na mutum. Frederick Sanger na Jami'ar Kambirij ta Ingila, wanda ya kammala gano tsarin ginin insulin a 1955, ya nuna cewa an jera shi ne kamar tsakiya a zare, da ƙananan tubala 51 da ake kira amino asid, a cikin silsila biyu, ɗaya mai 21 ɗaya mai 30. Daga bisani aka tabbatar cewa na shanu ya bambanta da na mutum a gurbi 3, na alade kuwa a gurbi 1 tak. Wannan ɗan bambanci ya ishi garkuwar jikin wasu mutane ta gane cewa baƙo ya shigo. A 1956 Solomon Berson da Rosalyn Yalow, a wani asibitin tsofaffin sojoji da ke birnin Niyok, suka gano cewa jinin mutanen da suka daɗe suna karɓar insulin ɗin dabbobi yana ɗauke da makaman da garkuwar jiki ta ƙera don yaƙar sa.

Daga nan sai aka shiga tseren tacewa. A 1973 kamfanin Novo na ƙasar Denmak ya fitar da insulin ɗin da aka tace shi ƙwarai da gaske, nan da nan kuwa koke-koken kumburi suka ragu. A 1978 masana a kamfanin Genentech na Amurka suka yi nasarar sa ƙwayoyin bakteriya su ƙera insulin irin na mutum sak, a 1982 kuma aka ba da izinin sayar da shi da sunan Humulin. Bayansa aka sami waɗanda aka ɗan sauya wa gini don su yi saurin aiki ko su daɗe a jiki, kamar lispro a 1996 da glargine a shekara ta 2000. Saboda haka masu ƙyamar allurar don tsoron cewa daga alade aka samo ta sai su kwantar da hankalinsu: kusan dukkan insulin ɗin da ke asibitoci da kantunan magani a yau, bakteriya ko yis ne suka yi shi a masana'anta.

Duk da wannan ci gaba, tsugune ba ta ƙare ba. Rahotannin likitoci na wannan zamani suna ƙiyasta cewa daga mutum 1 cikin 1,000 zuwa mutum 3 cikin 100 na masu amfani da insulin har yanzu sukan gamu da alaji, mafi yawansu mai sauƙi.

ME KE FARUWA A CIKIN JIKI?

Garkuwar jiki tamkar dogaran ƙofar gari ce, aikinta tare ƙwayoyin cuta. Alaji yana samuwa ne sa'ad da waɗannan dogarai suka ɗauki baƙon alheri a matsayin ɗan hari suka far masa, ɓarnar da ake gani a jiki kuwa ta wannan faɗa ce. Wani likitan yara na birnin Biyana, Clemens von Pirquet, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1906. Game da insulin, likitoci sun kasa abin gida uku, gwargwadon lokacin da yake ɗauka kafin ya bayyana.

Kashi na farko shi ne mai gaggawa, kuma shi ya fi yawa. A nan jiki yana ƙera wani makami da ake kira IgE, wanda ke maƙalewa a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fata. Da insulin ya taɓa su sai su fashe da wani sinadari mai suna histamin, shi kuwa ya buɗe ƙananan jijiyoyin jini ruwa ya tsattsafo cikin fata. Cikin 'yan mintoci zuwa awa ɗaya sai wurin ya tashi kamar cizon rina, da ƙaiƙayi da ɗumi, yawanci kuma yakan kwanta bayan 'yan awoyi. Wannan kashi ne ke iya wuce wurin allura ya mamaye jiki duka.

Kashi na biyu yakan bayyana bayan kamar awa 4 zuwa 6. Wani ƙulli ne mai ciwo ke fitowa a ƙarƙashin fata, ya yi kwana ɗaya ko biyu kafin ya baje. Kashi na uku kuwa mai jinkiri ne: sai bayan awa 8 zuwa 24 wurin zai yi tauri, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci har ya yi kwanaki da dama.

Akwai abin lura a nan ga mutanen wannan yanki. Littattafan likita da aka rubuta a Turai suna cewa wurin yakan yi ja, to amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi. Don haka abin dogara shi ne kumburi, da ɗumin wurin in an shafa, da ƙaiƙayi.

Galibi alajin yakan soma ne a cikin makonnin farko na fara allura. Har wa yau, tun zamanin insulin ɗin dabbobi likitoci sun lura cewa mai tsananin ya fi samun mutanen da suka taɓa karɓar allurar, suka bari na wani lokaci, sa'an nan suka dawo mata. Wannan batu yana da nauyi a wuraren da tsadar magani ke sa majiyyaci ya saya wannan wata ya rasa wata mai zuwa, ko kuma ya ajiye allura ya koma ga saiwoyi da sassaƙe, sai ciwo ya ci ƙarfinsa a dawo da shi asibiti.

BA KULLUM NE LAIFIN INSULIN BA

Kwalbar insulin ba insulin kaɗai ke cikinta ba, sau da yawa kuma abokan tafiyarsa ne jiki ke ƙi. Akwai furotamin, wanda ake samu daga maniyyin kifi. Hans Christian Hagedorn na Denmak ne ya gano a 1936 cewa in aka gauraya shi da insulin yakan sa maganin ya daɗe yana aiki, daga nan ne kuma aka samar da nau'in NPH a 1946, watau insulin ɗin nan mai kama da tsinkakken nono, wanda har gobe ake amfani da shi ƙwarai saboda rangwamen kuɗinsa, ko shi kaɗai ko a gauraye da mai saurin aiki. Akwai sinadarin zink, akwai kuma metakiresol da fenol waɗanda ake sakawa don hana ƙwayoyin cuta rayuwa a cikin kwalbar, su ne ma ke ba insulin ɗan warin nan nasa na asibiti. Kowane ɗaya daga cikinsu an sami mutanen da jikinsu ya ƙi shi.

Bayan waɗannan, akwai abubuwan da ba sa cikin ruwan ma sam: ƙaron robar da ke cikin murfin wasu kwalabe, da man da ake shafa wa tsinin allura don ta yi santsi, da sifirit ɗin goge fata, da kuma gam ɗin filastar da ke riƙe na'urorin auna sukari na zamani a jikin fata.

Batun furotamin yana da wani reshe da ya kamata a sani. A lokacin tiyatar zuciya likitoci sukan ba majiyyaci maganin tsinka jini mai suna hefarin, in an gama kuma su karya ƙarfinsa da furotamin mai yawa ta jijiya. Wanda ya daɗe yana amfani da NPH ya fi sauran mutane haɗarin samun alaji a wannan lokaci, saboda haka wajibi ne ya shaida wa likitocin tiyata irin insulin ɗin da yake karɓa.

KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Yawancin mutanen da ke zuwa asibiti da kukan cewa allura ba ta karɓe su ba, in an bincika sai a tarar ba alaji ke damunsu ba. Insulin ɗin da aka ciro daga firiji aka tsira nan take yana yin zafi, haka ma in aka yi allura sifirit bai bushe ba. Allurar da aka maimaita sau da yawa tsininta yakan dakushe ya riƙa yagar fata, ƙazanta kuma ta sami hanyar shiga ta haddasa maruru. In aka tsira allura sama-sama, ruwan ya tsaya a cikin fata maimakon kitsen da ke ƙarƙashinta, nan ma wurin yakan tashi.

Akwai kuma tudun kitse da ke fitowa a inda mutum ya saba tsira allura kullum. Shi wannan ba alaji ba ne, insulin ne ke sa kitsen wurin ya yi kauri. Majiyyata suna son wurin domin ba ya zafi, alhali kuwa magani ba ya shiga jini daga can yadda ya kamata, sai sukari ya riƙa hawa da sauka ba dalili. Kishiyarsa ita ce ramewar wurin allura har ya lotsa kamar gurbi. Wannan kam aikin garkuwar jiki ne, ya yi yawa a zamanin insulin ɗin dabbobi, yanzu kuwa ya yi ƙaranci.

Ruɗanin da ya fi kowanne haɗari shi ne tsakanin alaji da faɗuwar sukari. In insulin ya fi ƙarfin abincin da aka ci, sukari yakan faɗi ƙasa da 70 a ma'aunin da aka fi amfani da shi, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin. Mutum zai ji gumi, da rawar jiki, da yunwa mai tsanani, da bugun zuciya, daga nan ya soma ruɗewa. Babu ƙaiƙayi, babu kumburi, babu borin jini. Maganinsa sukari ne nan take, kamar giram 15, watau cokalin cin abinci ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kofin lemo mai zaƙi, matuƙar mutumin yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya. Sukari ba ya maganin alaji, maganin alaji kuma ba ya ɗaga sukari, don haka na'urar auna sukari ita ce alƙalin da ke raba gardama.

ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

Alaji mafi tsanani shi ne wanda likitoci ke kira anafilaksis. Yakan zo cikin 'yan mintoci bayan allura: borin jini a jiki duka, kumburin leɓɓa ko harshe ko fatar ido, shaƙewar murya, numfashi mai fito, jiri, amai, har zuwa suma saboda faɗuwar ƙarfin jini. Wanda ya ga ko da biyu daga cikin waɗannan a tare, ba lokacin shafa man ja ko jiƙa magani ba ne, lokacin neman mota ne zuwa asibiti mafi kusa.

Maganinsa na farko allurar adirenalin ce a tsokar cinya, rabin miligiram ga babban mutum, ana kuma iya maimaitawa bayan minti 5 in hali ya yi. Ƙwayoyin ƙaiƙayi irin su Piriton ba sa buɗe maƙogwaron da ya toshe, ba sa kuma ɗaga jinin da ya faɗi. Kafin a isa asibiti a kwantar da majiyyaci a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ne ya fi damunsa a bar shi ya zauna, amma kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya da ƙafarsa. Ko ya warware, likitoci sukan riƙe shi na wasu awoyi, domin a wasu mutane abin yakan sake tasowa.

KADA A GUDU GARA A FAƊA ZAGO

Babban kuskuren da majiyyaci zai yi shi ne ya yanke wa kansa hukuncin daina allura. Ciwon sukari iri biyu ne manya. A nau'i na 1, wanda ya fi kama yara da matasa, fankiriyas ya daina yin insulin ɗungum. In irin wannan majiyyaci ya bar allura, jikinsa zai koma ƙona kitse, wasu sinadarai masu tsami su taru a jini, cikin kwana ɗaya ko biyu ya soma amai, da ciwon ciki, da ƙishirwa, da numfashi mai zurfi, daga nan sai doguwar suma, in ba a kai ɗauki ba kuma sai mutuwa. Ɗan kumburi a cinya bai kai a saye shi da wannan ba.

A nau'i na 2, wanda shi ne na mafi yawan manya, jiki yana yin insulin amma bai wadatar ba ko ba ya aiki sosai. A nan likita yana da ɗan fili, domin wani lokaci yana iya mai da majiyyaci kan ƙwayoyi irin su metformin ko wasu sababbin magunguna. Amma wannan ma shawarar likita ce, ba ta mai kantin magani ko maƙwabci ba, musamman ga mace mai juna biyu, wadda insulin ne aka fi amincewa da shi a gare ta.

Ƙa'idar dai ita ce: in kumburin na wurin allura ne kawai, a ci gaba da allura a kuma ga likita cikin kwanakin nan. In kuwa ya shafi jiki duka ko numfashi, kada a sake tsira wata sai a gaban likita, a kuma je wurinsa a ranar.

YADDA LIKITOCI KE GANO SHI DA MAGANCE SHI

Binciken yana farawa ne da tambayoyi: wane irin insulin ne, yaushe aka fara shi, bayan minti nawa kumburin ke fitowa, kwana nawa yake yi, an sauya allura ko kwalba kwanan nan? Majiyyacin da ya zo da kwalbarsa da kwalinta da sirinjinsa, ya kuma ɗauki hoton wurin da wayarsa lokacin da ya tashi, ya rage wa likita rabin aiki. Likita zai so ya ga yadda yake yin allurar da idonsa, domin sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa.

In zargin alaji ya yi ƙarfi, sai a yi gwajin fata. Ana ɗiga ɗan ruwan insulin iri-iri da na abubuwan da ake gauraya shi da su a kan damtse, a ɗan tsaga fatar da tsinin allura, a jira minti 15 zuwa 20 a ga wanda zai tashi. In bai nuna ba, sai a tsira ɗan kaɗan a cikin fatar. Akwai kuma gwajin jini na neman IgE, da gwajin filasta na kwana biyu don kashi mai jinkiri. Ana fassara sakamakon ne tare da labarin majiyyaci, domin wasu masu karɓar insulin gwajinsu yakan nuna alama alhali ba abin da ke damunsu.

Magani kuwa hawa-hawa ne. Kumburi mai sauƙi sau da yawa yakan daina da kansa bayan wasu makonni ana ci gaba da allura, ana taimaka masa da ƙwayoyin hana ƙaiƙayi irin su cetirizine ko loratadine. In bai daina ba, sai a sauya nau'in insulin zuwa wanda ba ya ɗauke da abin da jiki ya ƙi. Alal misali, wanda furotamin ke damu ana iya raba shi da NPH a ba shi glargine. Wani lokaci ana raba adadin gida biyu a tsira a wurare dabam-dabam. Magungunan sitiroyid suna kwantar da alaji, amma suna ɗaga sukari ƙwarai, don haka mai ciwon sukari bai kamata ya saye su da kansa ba.

In duk wannan ya faskara, akwai hanyar saba wa jiki da maganin sannu a hankali, wadda a asibiti kaɗai ake yin ta, adirenalin yana kusa. Ana farawa da abin da bai wuce kashi 1 cikin 1,000 na yunit ɗaya ba, ko ma ƙasa da haka, ana ninkawa kowane minti 15 zuwa 30, ana auna sukari ana duba fata, har a kai adadin da majiyyaci ke bukata. In wurin ya tashi sai a koma baya mataki ɗaya ko biyu a sake hawa. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, a nan kuwa ta kai mutane da yawa ga biyan bukata. Sharaɗinta ɗaya ne: bayan an gama kada a yanke allura, domin in aka yi kwanaki ba a yi ba jiki yakan manta da sabon, a koma gidan jiya.

Inda akwai hali, ana amfani da famfon insulin, wata 'yar na'ura da ke ɗiga maganin kaɗan-kaɗan dare da rana, wanda hakan kansa wata hanya ce ta sabo. Ga 'yan ƙalilan da suka gagara, an yi nasara da wata allura mai suna omalizumab wadda ke ɗaure IgE, sai dai tana da tsada ainun.

ABIN DA YA RAGE GA MAJIYYACI DA HUKUMA

Rigakafin yawancin wahalhalun wurin allura yana hannun majiyyaci. Ya riƙa zagaya wuraren allura tsakanin ciki, da cinya, da damtse, da ɗuwawu, yana barin tazarar faɗin yatsa ɗaya tsakanin ta yau da ta jiya. Ya sauya tsini akai-akai, kada kuma ya yi tarayya da kowa a kansa. Kwalbar da ba a buɗe ba a ajiye ta a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ban da wurin ƙanƙara. Wadda aka buɗe kuwa yawanci tana yin mako 4 a wuri mai sanyi nesa da rana. Inda babu wutar lantarki, majiyyata da yawa a ƙasashe masu zafi sukan sa kwalbar cikin leda su ajiye a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi. A sayi insulin a wurin da aka amince da shi, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa. Wanda aka tabbatar yana da alaji kuma ya riƙa yawo da kati a aljihu mai ɗauke da sunan abin da jikinsa ya ƙi, iyalinsa su ma su san alamun haɗari.

Manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, suna da ƙwararru a kan ciwon sukari, can ne kuma ya dace ƙananan asibitoci su tura wanda abin ya yi wa tsanani. Sai dai majiyyacin ƙauye yana fara zuwa ne ɗakin shan magani na kusa da shi, don haka ya wajaba a kan ma'aikatun lafiya na jihohi su tabbatar cewa kowane irin wannan wuri yana da adirenalin da na'urar auna sukari, da ma'aikacin da ya san bambancin faɗuwar sukari da alaji. Haka kuma samar da insulin a kan farashin da talaka zai iya jurewa kowane wata zai rage yawan masu farawa su bari su sake farawa, ya kuma ba likita damar sauya wa majiyyaci wani nau'i in na farko bai karɓe shi ba.